STARTING OVER AGAIN: Fim ɗin Filifin da ya ƙaryata masu cewa da tsohuwar zuma ake magani

MASU iya magana sun ce da tsohuwar zuma ake magani. A duniyar finafinan soyayya kuwa, wannan magana ta zama kamar doka. Ko a Indiya ne, ko a Amurka, ko a nan gida, in dai jarumi da jaruma su ka rabu a tsakiyar fim, to ɗan kallo ya riga ya san abin da zai biyo baya: za a sha kuka, a sha waƙa, daga ƙarshe a shirya. Wanda ya shigo tsakanin su kuwa, namiji ne ko mace, aikin sa kawai ya ɗumama kujera kafin mai ita ya dawo.

To akwai wani fim na ƙasar Filifin da ya sa ƙafa ya shure wannan doka, kuma maimakon 'yan kallo su ƙaurace masa, sai su ka yi masa ruwan kuɗi. Sunan fim ɗin 'Starting Over Again', wato a sake sabon lale. Kamfanin Star Cinema ne ya shirya shi, Olivia Lamasan ta ba da umarni, ita ce kuma ta rubuta labarin tare da Carmi Raymundo. An sake shi a gidajen sinima a ranar 12 ga Fabrairu, 2014, saura kwana biyu a yi bikin ranar masoya. Manyan 'yan wasan sa uku ne: Piolo Pascual, Toni Gonzaga da Iza Calzado.

Wanda bai kalli fim ɗin ba, kuma ba ya so a ɓata masa daɗin kallo, sai ya yi haƙuri. Ba yadda za a yi maganar wannan fim ba a taɓo ƙarshen sa ba, domin a nan ɗin ne ya bambanta da saura.

YADDA LABARIN YA KE

Ginny (Toni Gonzaga) ɗaliba ce a jami'a, ta na karanta fannin zanen gine-gine. Yarinya ce mai rawar kai, ga surutu, ga naci. Marco (Piolo Pascual) kuma malamin tarihi ne, mutum mai sanyin hali. Ita ce ta fara ganin sa ta ce ta na so, ta kuma bi shi babu ji babu gani har sai da ta shawo kan sa. Shekara biyar su ka yi su na soyayya. A cikin waɗannan shekaru Ginny ta gano cewa zuciyar Marco ba ta wajen koyarwa, ta na wajen girki ne, don haka ta ƙarfafa masa gwiwa ya bi abin da ran sa ke so. Har su ka ƙulla burin buɗe gidan abinci nasu na kan su.

Ana cikin haka Marco ya nemi ta aure shi. Abin mamaki, yarinyar da ta sha wuya kafin ta same shi sai ta ce a'a. Ta tattara kayan ta ta nufi birnin Basalona na ƙasar Sifen domin yin digiri na biyu. Ba ta tsaya ta yi masa wani gamsasshen bayani ba. Ya yi magiya, ya yi kuka, ya bi motar da ta ɗauke ta, amma ina! Bakin alƙalami ya bushe.

Bayan shekaru Ginny ta dawo gida ta zama ƙwararriya, har ta na da hannun jari a wani kamfani da ya shahara wajen gyaran tsofaffin gine-gine. Kwatsam wata rana sai ga saƙon imel daga Marco, cike da kalaman so da kewa. Ba a jima ba kuma sai kamfanin su ya samu kwangilar maida wani tsohon gida ya koma gidan abinci. Ko ka san na wane ne? Na Marco. Nan take Ginny ta ce shi ke nan, faɗuwa ta zo daidai da zama, ƙaddara ce ta ke son ta sake haɗa su.

WASIƘAR DA TA MAKARA

Matsalar ita ce wasiƙar nan tsohuwa ce. Marco ya rubuta ta ne jim kaɗan bayan rabuwar su, lokacin da ciwon ke ɗanye, ya ajiye ta a wani shafin intanet da ke riƙe saƙo ya isar da shi a ranar da aka zaɓa, ya sa a kai mata bayan shekara huɗu. Marco ɗin da ya rubuta wasiƙar daban, wanda Ginny ta tarar daban. Na yanzu ya zama cikakken kuku mai ji da kan sa, ya daina rawar jiki a kan ta. Sa'annan ga babban tashin hankali: ya na da budurwa mai suna Patty (Iza Calzado), gwanar haɗa kek da kayan fulawa, kuma ya na so a gama aikin gidan ne domin ya nemi auren ta. Wato dai Ginny ce za ta gyara gidan da wata za ta shiga. Tirƙashi!

Wata macen da sai ta ajiye kwangilar ta kama gaban ta. Ginny ta ce ba ta san zancen ba. Ta karɓi aikin da niyyar ƙwato abin ta, ta dinga caɓa ado ta na zuwa wurin aiki, ta na tuna masa da baya, ta na neman duk wata kafa da za su keɓe. Rabin farko na fim ɗin ban dariya ne sosai, domin Toni Gonzaga gwana ce wajen barkwanci, kuma duk dabarar da Ginny ta ƙulla sai ta kwance mata a gaban jama'a. Shi kuwa Marco, da ya gane inda ta dosa, sai ya biye mata da gangan, don ta ɗanɗana nadama ta ga irin mutumin da ta yar. Amma mai wasa da wuta ba ya rasa ƙuna. Wasa-wasa tsohon miki ya fashe, har wani dare su ka ƙetare iyaka, amanar Patty ta taɓu.

Masu kallon finafinan Indiya za su tuna da 'Kuch Kuch Hota Hai' na Karan Johar, wanda ya fito a 1998. A can ma wasiƙa ce ta tada zaune tsaye. Tina ta rasu ta bar wa 'yar ta wasiƙu takwas, ta takwas ɗin ce ta sa yarinyar ta tashi neman Anjali domin ta haɗa ta da Rahul. A ranar ɗaurin aure Aman, wato Salman Khan, ya kama hannun amaryar sa ya miƙa wa Shah Rukh Khan, kowa ya share hawaye ya tafi gida da murna. Babu wanda ya tsaya tambayar yadda Aman ya kwana a wannan dare. 'Starting Over Again' ya ɗauki irin wannan wasiƙa, amma ya yi wata tambaya ta daban: in saƙo ya shekara huɗu a hanya, shin wanda ya aiko shi ya na nan a inda aka bar shi?

"KI BA NI DALILI"

Fitowar da aka fi tunawa da ita a fim ɗin ita ce inda Marco ya fashe. Ginny ta matsa masa lamba ta na neman ya fito fili ya faɗa mata matsayin ta, shi kuma ya juyo ya tambaye ta da wane baki ta ke neman abin da ita ta hana shi. Ya ce ya cancanci a yi masa bayani, ya cancanci a ba shi dalilin da hankali zai ɗauka. Wannan furuci ya fita daga sinima ya shiga bakin jama'a a Filifin, har ya zama abin zolaya tsakanin abokai, ana jefa wa duk wanda ya saɓa alƙawari.

A nan ne Ginny ta amayar da abin da ta daɗe ta na ɓoyewa. Mahaifin ta mutum ne mai dogon buri wanda bai taɓa kai ko ɗaya gaci ba, kuma ta ga yadda hakan ya rusa zaman iyayen ta. Da Marco ya bar koyarwa ya shiga harkar girki, abubuwa su ka riƙa tangal-tangal, sai ta fara hango mahaifin ta a jikin sa. Tsoro ya kama ta kada ta ƙare kamar mahaifiyar ta. Ta rasa yadda za ta dubi idon mutum ta ce masa ta daina ganin girman sa, sai ta zaɓi gudu.

Dalili ne mai ɗaci, amma ba na almara ba ne. Babu boka a ciki, babu mugun kawu, babu attajirin da ya zo da jakar kuɗi. Yarinya ce ta dubi saurayin ta ta ga kamar ba zai yi arziki ba, ta tsorata. Abin da ya ƙara wa labarin zafi shi ne ita ce da kan ta ta zuga shi ya bi wannan hanya, sa'annan ta tsere a daidai lokacin da hanyar ta yi gargada.

Daga wannan fitowa ne mai lura zai gane inda darakta ta nufa. Abin da ya riƙe Marco shekara huɗu bai wuce wannan tambaya ta "me na yi?" ba. Da ya samu amsa, sai ƙullin da ke zuciyar sa ya fara kwancewa. Ginny ta ɗauka zafin da ya ke nunawa alamar so ce, ashe bashi ne ya ke bi.

PATTY, KISHIYAR DA BA A SABA GANI BA

A yawancin finafinai, in ana so a wanke jaruma, sai a ɓata kishiyar ta: a yi ta mai girman kai, ko mai son abin duniya, ko makira, yadda in an kore ta babu mai jin tausayi. Olivia Lamasan ta ƙi bin wannan hanya mai sauƙi. Patty mace ce mai natsuwa da fara'a, ta karɓi Ginny hannu biyu duk da ta san tarihin su. Ita ce ta samu Marco a lokacin da ya ke a karye, ta zauna da shi har ya miƙe.

Akwai fitowar da Ginny ta same ta a kicin ta ce mata ta sakar mata Marco, wai ai soyayyar su ce mai zafi, ta Patty kuwa lami ce. Ɗan kallo na jiran a kwashi 'yan kallo, a fasa kwanuka. Patty ba ta ɗaga murya ba. Ta amsa cewa lallai tasu ta faro ne daga abota, ba ta da hayaniya, mai yiwuwa ma ta gundiri mai kallo, amma tabbatacciya ce, an gina ta a kan yarda, har da barin gurbin kuskure. Ta ƙara da cewa inda so ya ke babu tsoro. Wannan magana ta daki Ginny a inda ya fi ciwo, tunda tsoro ne ya raba ta da Marco tun farko.

Daga nan 'yan kallo su ka rabu biyu. Waɗanda su ka shigo sinima su na goyon bayan Ginny su ka fara jin kunyar kan su, domin jarumar tasu ce ke neman rusa gidan wata.

YADDA AKA ƘARE

Kusa da ƙarshe Ginny ta yi haɗari a wurin aikin ginin, aka kwantar da ita a asibiti. A fim ɗin da aka saba, nan ne jarumi zai rugo a guje ya rantse ba zai sake rabuwa da ita ba. Marco ya zo, ya zauna a gefen gadon ta, su ka yi kuka tare. Ya gode mata, ya nemi gafara, ita ma ta nema. Ya shaida mata cewa ba zai iya goge son ta daga ran sa ba, sai dai son ya sauya kama. Daga nan ya koma ya lallashi Patty. Ginny ta rasa Marco, amma ta samu abin da ta fi buƙata, wato ta daina zaman jiran jiya.

Masu fim ɗin ba su bar 'yan kallo su fita da baƙin ciki ba. A fitowar ƙarshe Ginny ta haɗu da wani sabon saurayi, kuma wanda ya fito a wannan matsayi shi ne Paul Soriano, darakta kuma saurayin Toni Gonzaga na zahiri a lokacin. Su biyun sun yi aure a watan Yuni na 2015.

SU WANE NE 'YAN WASAN?

An haifi Piolo Pascual a 1977, kuma masoyan sa na kiran sa Papa P. Ɗan wasa ne, mawaƙi, kuma furodusa. Toni Gonzaga, wadda aka haifa a 1984, mawaƙiya ce kuma ta daɗe, har zuwa 2022, ta na gabatar da shirin talbijin na 'Pinoy Big Brother'. Akwai wani tarihi mai ban sha'awa tsakanin su. A 2001, tun ta na 'yar budurwa ba a san ta sosai ba, Toni ta fito a wata tallar lemon Sprite inda ta ƙwala ihu ta na cewa ta na son Piolo. Tallar nan ce ta fito da ita. Shekara 13 bayan haka sai ga ta a fim ta na bin Piolo ɗin dai, shi kuma ya na zillewa. Sun sake haɗuwa a fim ɗin 'Last Night' a 2017.

Iza Calzado kuwa, haihuwar 1982, ta yi suna a shirin 'Encantadia' na tashar GMA a 2005, kafin ta koma ABS-CBN a 2012. Ba wannan ne karon farko da ta haɗu da Piolo a hannun wannan darakta ba. A fim ɗin 'Milan' na 2004 ita ce matar sa da ta ɓace a Italiya ya tafi nema. A wancan fim ta suɓuce masa, a wannan kuma ita ce ta tsira da shi.

Ita kan ta Olivia Lamasan, wadda 'yan masana'antar su ke kira Inang, wato uwa, tsohuwar hannu ce a Star Cinema, reshen shirya finafinai na kamfanin ABS-CBN da aka kafa a 1993. Ita ce ta yi 'Sana Maulit Muli' a 1995, da 'Madrasta' a 1996, da 'The Mistress' a 2012. Duk wanda ya bi ayyukan ta zai ga ta fi son labarin da babu mugu ƙarara a ciki, kowa da gaskiyar sa, kowa da laifin sa.

ME YA SA SU KE SON IRIN WANNAN LABARI?

Labarin tsofaffin masoya da su ka sake haɗuwa jigo ne da 'yan fim ɗin Filifin ba su gajiya da shi, kuma akwai abubuwa biyu a rayuwar ƙasar da ke ba shi nauyi. Na farko shi ne tafiya ci-rani. Kusan mutum miliyan 10 'yan asalin ƙasar ne ke zaune ko aiki a ƙasashen waje, daga Saudiyya da Dubai zuwa Hong Kong, Italiya, Kanada da Amurka. Da wuya ka samu gidan da ba a taɓa raka wani filin jirgi ba. Saboda haka tambayar ko za a tarar da mutum yadda aka bar shi, tambaya ce da su ke rayuwa da ita kullum.

Na biyu shi ne dokar aure. Mafi yawan 'yan ƙasar mabiya ɗariƙar Katolika ne, kuma in ka cire fadar Vatican, Filifin ce kaɗai ƙasar da babu dokar saki ga kowa da kowa. Musulmin ƙasar ne kawai wata doka ta 1977 ta ba damar rabuwa bisa tsarin addinin su. Saura sai dai su bi doguwar hanyar kotu mai cin kuɗi domin a soke auren. A watan Mayu na 2024 majalisar wakilai ta amince da ƙudirin halatta saki, amma bai kai ga zama doka ba. A ƙasar da babu saki balle kome, zaɓen da Marco zai yi tsakanin mata biyu zaɓe ne na har abada, kuma ɗan kallon can ya san haka tun kafin a kashe fitila.

Ba duka finafinan su ne ke bin hanyar Lamasan ba. 'One More Chance' na darakta Cathy Garcia-Molina, wanda ya fito a 2007 da John Lloyd Cruz da Bea Alonzo, ya maida Popoy da Basha ga juna bayan sun rabu, ko da yake a ci-gaban sa na 2015, 'A Second Chance', an nuna irin rigingimun da su ka tarar a gidan aure. Haka kuma 'Hello, Love, Again' na 2024, inda Kathryn Bernardo da Alden Richards su ka sake haɗuwa a Kanada bayan rabuwar su a Hong Kong, ya zama fim ɗin ƙasar na farko da ya haura peso biliyan ɗaya. Wato har gobe tsohuwar zuma na da kasuwa. Wannan ne ya sa kasadar da aka yi a 'Starting Over Again' ta zama abin a yaba.

KASUWA TA YI KYAU

Kasada ce babba a tara masoya a sinima a makon ranar masoya, a sa su biya kuɗi, sa'annan a hana jaruma jarumi. Amma kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Fim ɗin ya tara sama da peso miliyan 400, ya shiga sahun finafinan da su ka fi kawo kuɗi a tarihin ƙasar a wancan lokaci, kuma a 2015 aka naɗa Piolo da Toni sarki da sarauniyar kasuwar fim saboda shi. Gardamar da ta biyo baya, tsakanin 'yan bayan Ginny da 'yan bayan Patty, ita ma ta taimaka wajen tura mutane kallo.

Masu bin dogayen shirye-shiryen Filifin a tashoshin StarTimes ba za su ji baƙunci ba in sun samu fim ɗin. Da harshen Tagalog aka yi shi, ana surkawa da Turanci kamar yadda matasan mu ke yin Ingausa, don haka sai a nemi mai fassarar Turanci a ƙasan allo. A sani kuma akwai shan giya da wasu fitowa na manya, ba fim ba ne na kallo da yara a falo.

Ga marubuta da daraktocin mu, abin dubawa a nan shi ne yadda aka riƙe ɗan kallo da mutum uku kacal da tsohon gida ɗaya, ba tare da an maida kowa shaiɗan ba. Ga masoya kuwa, musamman masu ajiye lambar tsohon saurayi ko tsohuwar budurwa a waya su na jiran wata rana, fim ɗin ya bar masu tambaya: in ka tafi ka bar mutum ya na kuka, wani ya zo ya share masa hawaye, ranar da ka dawo wa ya fi cancanta da shi?